Neman kalma: me za mu kira hemp da CBD da Hausa?

Assalamu alaikum malamai, 'yan jarida da masu aikin fassara. Yau kwana uku muna kai-komo a kan kalmar hemp, tun da wani ɗan'uwa ya tambaya ko ya dace ya sayi hannun jarin kamfanonin Amurka masu yin man CBD, wato wani sinadari da ake tacewa daga shukar hemp. Na bi shawarwarin da aka kawo ɗaya bayan ɗaya, ga inda na tsaya.

Da yawa sun ce rama. Na san inda suka samo ta, domin wasu ƙamusoshi haka suka fassara rama, kuma duka biyun ana yin igiya da ɓawonsu, ganyensu ma yana kama. Amma rama 'yar'uwar yakuwa ce da kuɓewa, ita ce muke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Hemp kuwa wiwi ne, shukar nan dai da muka sani. Idan muka rubuta "man rama", sai manomi a Zariya ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe wa abin da ke gonarsa. Don Allah mu bar rama a inda take.

Abin da ya raba hemp da wiwin sha, lissafi ne da gwamnati ta yanka. Dokar noma ta Amurka, wadda Donald Trump ya sa wa hannu a Disamba 2018, ta ce duk wiwin da sinadarin mayensa, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na busasshen nauyinsa ba, ya fita daga jerin miyagun ƙwayoyi. Ya haura wannan layi, ya koma haramtacce. Gona ɗaya tana iya faɗawa ko wane ɓangare, gwargwadon abin da gwaji ya nuna.

Shi ya sa wata 'yar'uwa ta kawo "wiwi marar maye". Da farko ita na fi so, tana da daɗin faɗa, kowa zai gane. Abin da ya hana ni karɓa shi ne abin da ya faru bayan 2018. Wasu kamfanoni sun gano cewa dokar nau'in THC ɗaya ta ƙidaya, sai suka riƙa sarrafa CBD ya zama Delta-8, wani nau'in THC wanda yake bugarwa, ana sayar da shi kamar alewa a gidajen mai. Har ta kai a Nuwamba 2025 majalisar Amurka ta sake fayyace ma'anar hemp a doka don toshe wannan ƙofa, ta ba da wa'adin shekara ɗaya. To idan muka ce "marar maye", mun yi wa mai karatu alƙawarin da kasuwar kanta ta saɓa.

Ga mai zuba jari, wannan ba gardamar malaman harshe ba ce. A 2019 manoma a jihohin Kentucky da Oregon da Colorado sun cika gonaki da hemp, suna jiran a fara zuba CBD a lemo da abinci. Sai FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta tsaya a kan cewa tun da sinadarin yana cikin wani magani da ta riga ta amince da shi, ba a yarda a sa shi a abinci ba. Manyan shaguna suka ja baya, kaya suka yi kwantai, farashi ya faɗi warwas, kamfanin GenCanna na Kentucky ya karye a farkon 2020. A Janairu 2023 hukumar ta ce dokokin da ke hannunta ba su dace da CBD ba, ta miƙa wa majalisa. Shi kuwa wancan maganin, Epidiolex, na wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani, wanda ya sami izini a Yuni 2018, kamfanin da ya yi shi an saye shi a 2021 kan kimanin dala biliyan 7.2. Sinadari ɗaya ne, takardar izini ce ta raba wanda ya ci riba da wanda ya tafka asara.

Shawarar da ta fi tayar mini da hankali ita ce a cire kalmar wiwi gaba ɗaya, a ce "ganyen magani", wai don kada a tsorata mutane. Ni kam gara su tsorata. A Nijeriya dokar 1966 ta ɗauki duk wata shuka ta dangin wiwi a matsayin abu ɗaya, babu zancen kashi 0.3. Kwalbar da aka saya a shago a Amurka ba tare da fargaba ba, a nan tana iya haɗa mutum da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA. Haka malamin da za a je wa neman fatawa, dole ya san a kan me ake tambayarsa. Sunan da ya ɓoye asalin abu cuta ne ga mai kuɗi da mai amfani.

Abin da na zaɓa shi ne wiwin masana'antu. Bai ɓoye shukar ba, bai yi alƙawarin komai game da maye ba, ya kuma nuna dalilin nomansa: zare, iri, mai da sinadari. Ya zo daidai da dokar Ghana ta 2020, wadda ta buɗe hanyar noma wiwi mai kashi 0.3 da lasisi don masana'antu da magani. Kotun ƙolin ƙasar ta soke wannan sashe na dokar a 2022, majalisa ta dawo da shi a 2023, wani darasin ke nan ga mai saurin zuba kuɗi.

CBD kuwa ban ga amfanin ƙirƙira ba. Baki ya riga ya ce sibidi, mu rubuta haka: man sibidi, kayan sibidi. Ku gwada a jimla: "Gwamnatin Amurka ta tsaurara doka a kan kayan sibidi da ake tacewa daga wiwin masana'antu." Ni dai bai yi mini nauyi a baki ba.

'Yan'uwanmu na zangunan Kumasi da Accra, tun da ku dokar ta riga ta zo muku, me kuke kiransa a tsakaninku? Na Maraɗi da Damagaram, me gidajen rediyonku ke cewa? Idan akwai sunan da ya riga ya kama bakin mutane, shi zan bi.