Fim ɗin da ya wuce zango biyu, ya cancanci maki mai yawa?

Anty Rabi: Salam jama'a. An gama zango na huɗu na fim ɗin nan na rikicin gado da muke bi, kowa ya kawo makinsa cikin goma kamar yadda muka saba. Ni dai 7 na ba shi.

Sadiq Rigasa: 3 Anty. Kuma ba shi kaɗai ba, ni yanzu magana ɗaya na tsaya a kai, duk fim ɗin Hausa da ya wuce zango biyu to labarinsa ya riga ya ƙare, abin da ya rage jan rai ne da cin data, bai kamata ya wuce 4 ba ko wane ne ya yi shi.

Maman Ilham: Haba Sadiq, 3 fa? Ka ga kashin da matar marigayin ta tsaya gaban ƙannen mijinta tana lissafa musu abin da ta sayar na ɗakinta lokacin jinyarsa kuwa? Wallahi sai da na ajiye wayar na share hawaye, saboda na san mata a nan Unguwar Rimi da aka yi wa irin wannan, ko arba'in ba a yi ba an fara zancen takardar gida. Ni 8 na ba shi kuma ban ga dalilin ragewa ba.

Sadiq Rigasa: Maman Ilham wannan wurin ya yi kyau ban musa ba, amma minti nawa ne? Kashin ya kusa awa ɗaya, farkonsa waiwayen abin da muka gani satin da ya wuce, sai talla, sai a nuna mota ta fito daga gida ana buɗe get ana rufe get har ta hau titi, sai wata tallar, sai mata biyu a falo suna ba juna labarin abin da mu masu kallo muka riga muka gani da idonmu. Takardar gidan nan tun zango na ɗaya ake nemanta. Tun zango na ɗaya fa!

Zee Malali: Gaskiya nan ina bayan Yaya Sadiq. Abin da ya fi ƙona min rai kawun nan da aka yi wa jana'iza a zango na biyu, muka ga an ɗauki makara, yanzu kuma wai bai mutu ba yana wani gari. Wannan ai raina hankalin mai kallo ne. 4 na ba shi, shi ma saboda jarumar ce don ta iya aikinta.

Nura Kasuwar Barci: Ku bari in faɗa muku abin da na sani tunda sana'ata ce a da. Lokacin faifai, daga Ƙofar Wambai a Kano ake ɗauko kaya, fim ya fito na ɗaya da na biyu, in ya yi yawa na uku da na huɗu, mutum ya saya ya kai gida, kuɗi ya koma wa furodusa. Da wayoyi suka yi yawa sai aka koma tura fim a waya, a shago ɗaya a sayi faifai guda a zuba a kwamfuta a tura wa unguwa gaba ɗaya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wanda ya kashe kuɗinsa ya yi fim ɗin ko sisi ba ya gani. Haka kasuwar ta mutu muna kallo. To yanzu da suka samu YouTube yana ba su abin sawa a baki kuna so su yi kashi goma su rufe su koma ina? Ni 6.

Sadiq Rigasa: Malam Nura na ji tausayinsu amma ni maki nake ba fim, ba tallafi nake rabawa ba.

Abba Kawo: Bari in sa baki tunda ina ɗan taɓa editin, wato aikin haɗa fim bayan an ɗauka. Abin da Sadiq ke gani ba ƙarya ba ne kuma akwai dalilinsa. YouTube ba ya fara biyan tasha kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma sai bidiyo ya kai minti 8 ake iya sa masa talla a tsakiya, iya tsawonsa iya wuraren da za a cusa tallar. Ga kuma masu ba da talla kai tsaye, masu magani da masu atamfa da masu filaye, su abin da suke so shi ne kowane sati a gan su. To fim ɗin da ya riga ya tara jama'a shi ne jarin, in ka rufe shi ka fara sabo ba ka da tabbas mutane za su biyo ka. Shi ya sa za ka ga marubuci ya kawo labarin zango biyu amma a ce masa ya ƙara, wani lokacin ma ana wurin ɗaukar fim ake rubuta na sati mai zuwa. Kamar miya ce da aka dafa wa mutum biyar baƙi suka ƙaru aka yi ta ƙara ruwa.

Maman Ilham: To ai ka ga Abba, ba laifin tsawon ba ne ke nan, laifin rashin shiri ne. Sadiq cewa ya yi DUK wanda ya wuce zango biyu. Daɗin Kowa fa na Arewa24? Tashar a 2014 aka buɗe ta, shirin nan yana cikin na farko-farko, shekara da shekaru ana yi mutane ba su daina kallo ba, saboda gari ne guda aka gina da mutanensa, wannan ya tafi wancan ya zo. Shi ma 4 za ka ba shi?

Sadiq Rigasa: Wancan daban ne, tun farko ba a ce mana ga matsala ɗaya da za a warware ba, zaman gari ne. Wannan kuwa alƙawari aka yi mana, wa zai ci gidan, ina takardar. In ka ɗaura labari a kan tambaya ɗaya dole ka amsa ta a kan lokaci.

Maman Ilham: To ka janye kalmar duk ɗin mana ƙanena.

Sadiq Rigasa: Ban janye ba, na dai ware irin wancan. Amma irin waɗannan na gado da kishiya da ɗan mai kuɗi ya so 'yar talaka, ina nan a kan bakana.

Baba Ɗanjuma Tudun Wada: Assalamu alaikum 'ya'yana, na karanta duka. Ni abin da zan ce, wasan mako-mako ba yau aka fara ba, kuma nan Kaduna ce gidansa. Mun kalli marigayi Kasimu Yero da marigayi Samanja, wato Usman Baba Pategi, a talabijin ta Kaduna tun kafin a yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 wanda daga shi ne harkar fim ɗin bidiyo ta tashi. Samanja tsohon soja ne, rayuwar bariki yake nunawa, an daɗe ƙwarai ana yi ba mu gaji ba. Dalili, kowane mako abin da aka ɗauko a ranar ake gama shi, ka tashi daga gaban akwatin ka san ka ga wani abu ya faru, mako mai zuwa mutanen su ne dai amma zance sabo. Yaran yanzu sun ɗauki zance guda suna ja. Kasimu ya rasu 2017, Samanja 2023, Allah Ya jiƙansu, da ma a ce masu rubutun nan sun zauna da su sun tambaya. Ni na daina kallon naku tun da aka dawo da mamacin nan, don haka ba zan ba da maki a kan abin da ban gama ba.

Anty Rabi: Amin Baba, mun gode. Allah Ya ƙara girma.

Zee Malali: Amin ya Allah. Baba ya faɗi abin da na kasa faɗa, a kashi ɗaya a samu ko abu ɗaya ne da ya ƙare. Yanzu sai ka tsallake kashi uku ka dawo ka tarar ba abin da ya wuce ka.

Maman Ilham: Baba da girmanka, ni ina ganin akwai abin da tsawon nan yake bayarwa da gajere ba zai iya ba. Matar nan da a fim na awa biyu ne da tuni an nuna ta yi kuka an kai kotu alƙali ya ba ta gaskiya an tashi. Amma a zahiri haka shari'ar gado take? Ana ɗagawa ne ana sake ɗagawa, dangi su shiga a ce a sasanta a gida, yara su girma ana abu ɗaya, wanda yake bayanka yau gobe an saye shi. Ni wannan jan da kuke ƙorafi a kai shi ne ya sa na yarda da labarin, domin na ga yadda gajiya take cin mace har ta fara tunanin ta bar musu kawai. A zango na ɗaya da faɗa take magana, yanzu muryarta ma ta sauka, kuma jarumar ta nuna wannan canjin sannu a hankali. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Abba Kawo: Nan kam Maman Ilham ta kawo magana mai nauyi. Matsalar dai ba a kan matar aka kashe lokacin ba, da a kanta ne da ni ma 8 zan bayar. An ƙaro soyayyar direba da 'yar aiki, an ƙaro boka, an ƙaro wani ɗan da ya dawo daga Dubai da ba wanda ya taɓa ambatonsa. Sannan sautin zango na huɗu ya faɗi sosai, a kotu ana jin ƙarar janareto, kiɗan baya kuma yana danne magana. Alamar sauri ce. Ku tuna a 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da masu dogon zango 22 saboda ana sakinsu ba a kai an duba ba, wanda yake fitar da kashi kowane sati da ƙyar yake samun lokacin zama ya kalli abin da ya haɗa ma. Ni 5.

Nura Kasuwar Barci: Abba duk da haka a yi musu adalci, hoto ya fi na zamanin faifai nesa ba kusa ba, kuma an rage rawa da waƙa da iyaye suke ta kuka a kai.

Sadiq Rigasa: Hoto ya yi kyau Malam Nura, amma data da kuɗi nake saye, in na ba ka awa ɗaya ka ba ni labarin minti goma ai ka ci hakkina. Kuma mu masu kallo da namu hannun a ciki, muna zagi a ƙasan bidiyo amma ranar da aka saki sabo mu ne na farko, su kuwa lambar masu kallo suke dubawa ba zagin ba.

Zee Malali: Shi ya sa ni zango na biyar ba zan taɓa shi ba sai an gama gaba ɗaya, in an nuna takardar wani ya faɗa min kashi na nawa ne in je can kai tsaye.

Maman Ilham: Ni kam ranar da aka saki zan kalla Zee, ina so in ga ko za ta amince da sulhun da limamin unguwa ya kawo ko za ta koma kotu, don in ta sa hannu a takardar sulhun nan yaranta mata ne za su fi cutuwa.