Wace kalma za mu sa wa "precedent" a Hausa?

Habibu Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Malamai da lauyoyi, ga wata kalma da ke ba masu fassarar labaran kotu wahala: precedent. Da wuya a karanta hukuncin Kotun Ƙoli ba ta fito ba, kuma kowace tasha da yadda take juya ta. Wasu su ce "misali", wasu "hukuncin baya", wasu "abin koyi", wasu su tsallake ta gaba ɗaya. Ana shirya wani shiri na bayyana wa jama'a yadda kotuna ke aiki, ana son kalma ɗaya da za a tsaya a kai. Ta yi sauƙin faɗa a rediyo, kuma manomi da ɗan kasuwa su gane ta ba sai an yi dogon sharhi ba.

Barista Rakiya:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Bari a fara shimfiɗa abin da kalmar ke ɗauke da shi, sai mu ga wace ce za ta iya ɗaukar nauyin.

Najeriya ta gaji tsarin shari'ar Ingila. A wannan tsari doka tana fitowa ta hanya biyu: wadda majalisa ta rubuta, da wadda ke fitowa daga hukuncin manyan alƙalai. Idan kotun sama ta amsa wata tambaya ta doka, duk kotun da ke ƙasa da ita dole ta ba da wannan amsar idan tambayar ta zo gabanta, ko da alƙalin yana ganin na sama sun yi kuskure. Ɗaurin daga sama yake saukowa, ba ya hawa. Kotun Ƙoli ta ɗaure kowa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗaure Babbar Kotun Tarayya da manyan kotunan jihohi. Su kuma sun ɗaure majistare. Amma hukuncin babbar kotun Kano bai ɗaure ta Katsina ba, domin tsara ne. Haka hukuncin kotunan Ingila: kafin 1963 ƙarar ƙarshe Landan take zuwa, daga 1963 ta tsaya a gida, don haka nasu yanzu ana karantawa ne a ƙaru, ba dole.

Ga yadda abin yake a aikace. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu sai lauyan da sunansa ke cikin rajistar lauyoyi ne zai sa mata hannu da sunansa. Idan sunan kamfanin lauyoyi aka sa, wane da abokansa, takardar ba ta da inganci, domin kamfani ba lauya ba ne a Dokar Lauyoyi. Daga nan duk shari'ar da aka buɗe da irin wannan takarda ta shiga uku. Mutum ya yi shekaru yana zirga-zirga, ya ci nasara a babbar kotu, a ɗaukaka ƙara a buɗe fayil a ga sa hannun shafin farko, komai ya rushe tun daga tushe. A 2012, a shari'ar First Bank da Maiwada, an roƙi Kotun Ƙoli ta sassauta, ta zauna da alƙalai 7 ta ce tana nan a kan bakanta.

To ka ga "misali" bai isa ba, domin misali ana ɗauka ana bari. "Abin koyi" ma haka, ga shi yana da ƙamshin yabo, alhali akwai hukuncin da lauyoyi ke kuka da shi amma dole a bi. "Hukuncin baya" kuwa kowane hukunci na baya ne, har wanda majistare ya yanke jiya, wanda bai ɗaure kowa ba sai masu shari'ar. Shawarata: hukuncin madogara.

Nura Ɗalibi:
Aunty Barista, me zai hana a ce "sunnar kotu"? Ko "ƙiyasi", tunda ana auna sabuwar shari'a ne da tsohuwa.

Malam Alƙali Mai Ritaya:
Ɗana Nura, sunna a bar ta inda take. Kunnen Bahaushe idan ya ji ta wuri ɗaya yake zuwa, kuma ba a jingina ta ga abin da alƙalai za su iya sauyawa gobe. Ƙiyasi ya fi kusa, amma shi sunan aikin aunawa ne, ba sunan abin da aka auna da shi ba. Kuma a fiƙihu asalin da ake ƙiyasi a kansa nassi ne ko ijma'i, ba hukuncin wani alƙali ba.

Wannan ne ma ya sa nake son a yi hattara a shirin. A shari'ar Musulunci hukuncin alƙalin jiya bai ɗaure alƙalin yau ba. Dubi mas'alar gado da ake kira Mushtaraka. Mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da 'yan'uwa biyu ko fiye na ɗaki ɗaya da uba daban, da shaƙiƙai maza. A raba dukiya 6: miji ya ɗauki rabi, 3. Uwa sudusi, 1. 'Yan'uwa na wajen uwa sulusi, 2. Dukiya ta ƙare, shaƙiƙai ba su sami komai ba. Haka Sayyidina Umar ya hukunta da farko. Da irin mas'alar ta sake zuwa masa, sai ya haɗa shaƙiƙan da 'yan'uwan uwa a cikin sulusin, tunda duk uwarsu ɗaya. Aka tuna masa hukuncinsa na farko, ya ce wancan yana kan abin da aka hukunta, wannan yana kan abin da ake hukuntawa yanzu. Bai koma ya warware rabon farko ba, bai kuma ɗaure kansa da shi ba. Malikiyya a kan na biyun suke.

Alƙalin Malikiyya abin da ya ɗaure shi shi ne nassi da mashhurin mazhaba. Sai dai kotunanmu na shari'a a Najeriya suna cikin tsani ɗaya da sauran. Daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha ana wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, inda sashe na 247 na kundin tsarin mulki ya ce alƙalai aƙalla 3 masana shari'ar Musulunci ne za su saurara, daga nan sai Kotun Ƙoli. Alƙalin da ya yi biris da abin da suka ce, za a soke hukuncinsa a sama, masu shari'a su yi asarar kuɗi da lokaci. "Madogara" ta yi mini, domin ba ta ari rigar addini ba.

Metir Isufu, lauya daga Maraɗi:
Allah ya gafarta Malam, ka buɗe mini ƙofa. Masu sauraron Hausa ba a Najeriya kaɗai suke ba. Nijar tsarin Faransa ta gada, inda doka tana cikin kundi, aikin alƙali ya ɗora ta a kan shari'ar da ke gabansa. Sashe na 5 na kundin dokokin farar hula na Faransa na 1804 ya hana alƙali yanke hukunci da sigar doka ta kowa da kowa. Abin da muke kira jurisprudence shi ne tarin hukunce-hukuncen da suka tafi a kan hanya ɗaya, kuma ƙarfinsa daga maimaituwa yake zuwa. Alƙalin Zinder ko Tawa yana bin babbar kotun Yamai ne domin ya san idan ya saɓa za a karya hukuncinsa, ba don hukunci guda ya zama doka ba. Kalmar da za a zaɓa kada tilas ta kasance a cikin jikinta. A bar tilas ta zama siffa da ake ƙarawa.

Dakta Bala:
Metir ya yi gaskiya, kuma ko a Najeriya ana buƙatar wannan rabon. Sai mu ce madogara ta tilas ga wadda ta ɗaure, madogara ta shawara ga ta kotun tsara ko ta ƙasar waje.

Amma akwai inda labarai suka fi ɓata abu, kuma kalma ɗaya ba za ta gyara shi ba. Ba duk abin da ke cikin hukunci ne madogara ba. Kotun Ƙoli tana zama da alƙalai aƙalla 5, ko 7 idan batun fassarar kundin tsarin mulki ne. Kotun Ɗaukaka Ƙara aƙalla 3. Sashe na 294 na kundin ya ce kowannensu ya ba da ra'ayinsa a rubuce, kuma rinjaye ke yanke hukunci. Ke nan hukunci ɗaya yana iya zama rubutu 7, shafi sama da ɗari. Lauya yana tace shi ne kamar haka. Ya fara ware abubuwan da suka faru waɗanda hukuncin ya rataya a kansu. Ya nemo tambayoyin da kotu ta ce su za ta amsa. Ya karanta jagoran hukunci, wato rubutun alƙalin da rinjaye suka bi, ya ga dalilin da ya kai ga amsar. Sannan ya gwada: idan aka cire wannan dalili, sakamakon zai sauya? Idan zai sauya, shi ne abin da ake kira ratio da Latin, shi kaɗai ke ɗaurewa. Idan ba zai sauya ba, obiter ne, magana ce alƙali ya yi a kan hanya. Ra'ayin alƙalin da ya saɓa wa rinjaye shi ma bai ɗaure kowa ba, komai daɗinsa.

Sau da yawa jimlar da ta fi zafi, wadda alƙali ya yi wa 'yan siyasa ko lauyoyi faɗa, ita ke zama kanun labari a ce "Kotun Ƙoli ta haramta kaza", alhali ba a kanta aka yi shari'ar ba. Mutane su ɗauka doka ta sauya. Ina ba da shawarar jigon hukunci ga na farko, ratsen alƙali ga na biyu. Na so in ce "illar hukunci" don masu fiƙihu, amma a Hausar yau illa aibi ce, za a ji kamar ana kushe hukuncin.

Nura Ɗalibi:
Malam, ita ƙa'idar bin hukuncin sama fa? "Bin sawu" bai yi ba?

Barista Rakiya:
Ƙanena, gwada shi a jimla. "Kotu ta bi sawun hukuncin 2007." Mai sauraro zai ɗauka bincike ake yi, yadda ake bin sawun ɓarawon shanu. Idan ka ce "bin sahu" kuma ya zama ganin dama. Amfanin madogara shi ne aikatau ɗinta yana nan a bakin kowa: kotu ta dogara da hukuncin kaza. Ƙa'idar kuma a ce da ita ƙa'idar bin madogara, shi ke nan.

Abin da na fi so a rarrabe shi ne hanyoyin da madogara ke barin aiki, domin duka "sokewa" ake fassara su. Sokewa ita ce a ɗaukaka ƙara a shari'a guda, kotun sama ta rushe hukuncin ta ƙasa, wanda ya ci ya koma ya faɗi. Daban take da a ce Kotun Ƙoli, a wata sabuwar shari'a ta wasu mutane, ta ga tsohuwar madogararta kuskure ce ta daina bin ta. Wannan a ce ta sauka daga kan madogarar. Masu tsohuwar shari'ar hukuncinsu yana nan daram, kamar dai rabon farko da Malam Alƙali ya kawo. Ba ta yin haka da sauƙi, sai an nuna mata hukuncin yana jawo zalunci ko an yi shi bisa sha'afa, wato an manta da wata doka ko madogara da ya kamata a duba. Ta uku, kotun ƙasa ta ce abubuwan da suka faru a gabanta sun bambanta da na waccan shari'a, don haka madogarar ba ta hau ba. Wannan bambancewa ce, kuma nan ne rabin gardamar lauyoyi take.

Ta huɗu majalisa ce. A Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ce Rotimi Amaechi ne halastaccen ɗan takarar PDP a Jihar Ribas, ta ba shi kujerar gwamna duk da ba sunansa aka kai zaɓe ba, bisa cewa jam'iyya aka zaɓa. Dokar Zaɓe ta 2010 ta zo da sashe na 141, wanda ya hana kotu ayyana wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba a matsayin wanda ya ci. Hukuncin Amaechi bai tashi ba, amma majalisa ta nemi rufe ƙofar ga masu zuwa bayansa.

Malam Alƙali Mai Ritaya:
'Yata Barista, gyara ɗaya. Kada a yanke a ce "madogara" kawai a farkon labari. Sashen doka ma madogara ne, littafin malami ma haka. A fara da "hukuncin madogara" cikakke, sai a taƙaita daga baya.

Habibu Mai Fassara:
Na gode ƙwarai. Ga gwaji: "Babbar kotun ta kori ƙarar, tana mai dogara da hukuncin madogara na Kotun Ƙoli na 2007, wanda ya zama tilas a kanta, cewa kamfanin lauyoyi ba ya sa hannu a takardar kotu."

Barista Rakiya:
Ya yi, Malam Habibu, sai dai "dogara" da "madogara" sun yi karo a jimla ɗaya. Ka ce "bisa hukuncin madogara na Kotun Ƙoli". Kuma ka duba "kori". A irin wannan shari'a kotu ba ta shiga cikin maganar ba, takardar ce ta lalace, don haka cire ƙarar take yi daga jerin shari'o'inta. Mai ƙara yana iya sake shigar da ita da sa hannun da ya dace, muddin wa'adin da doka ta ba shi bai wuce ba. Idan ka ce an kora, zai ji kamar an rufe maganar har abada, ya zauna a gida har wa'adin ya ƙare. Ka ce "ta cire ƙarar".