Baba ya ce BUK, ni kuma zuciyata na Kongo. Ku ba ni shawara kafin Asabar

Ummin Kurna ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya hana ni barci.

Bana zan zauna JAMB, kuma tun ina aji uku na ƙaramar sakandare ba ni da buri sai zama lauya. Ranar Asabar zan je a cike min fom, amma har yanzu ban tsayar da makarantar da zan sa a zaɓin farko ba. Ni ABU nake so, tsangayar shari'arsu da ke Kongo a Zariya. Baba ya ce ga BUK a bakin ƙofa, me zai kai 'ya mace wani gari? Cewa ya yi, "Ki ci tuwon gidanku, ki kwana a ɗakin uwarki, gari ya waye ki tafi makaranta. Me ya fi wannan?" Umma ba ta ce uffan ba.

Ga abin da na kasa faɗa masa. Ni ce babba, ƙannena biyar. Umma awara take yi ta sayarwa. Ni ke kai markaɗen wake da asuba, ni ke tayata tacewa, ni ke shirya yara. Lokacin WAEC, daren da za mu rubuta Turanci, ƙarfe sha ɗaya ta same ni a bakin rijiya ina wanke kayan makarantar Auta don ya yi birgima da su a kwata. A kicin na yi bitar, da fitilar waya, ina zaune a kan turmi. Ba wanda ya zalunce ni, haka gidan yake. Amma shari'a shekara biyar ce. In a haka zan yi ta, anya kuwa?

Sannan daga Kurna zuwa sabuwar BUK ta titin Gwarzo hawa biyu ne, sai ka sauka Kabuga ka sake wata motar. Don Allah waɗanda suka yi karatu daga gida da waɗanda suka yi nesa, ku faɗa min gaskiya.

Maman Hanif ta amsa:

Ƙanwata, kamar labarina kike bayarwa. Daga gida na yi digirina a nan Kano, shekara huɗu ina jeka-ka-dawo, don haka ba ji na yi ba.

Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne, 'yar makarantar da ke kwana a gida ba a ɗaukarta 'yar makaranta. "Ai tana nan." Biki, suna, gaisuwar mutuwa, jinyar Hajiya a asibiti, duk ke ce. Ranar da ba ki da lacca, a wurin mutanen gida ranar hutu ce, ba wanda zai gane cewa ranar ce ta shiga laburare. Na taɓa ɗaukar littafi da la'asar gobe jarrabawa, sai ga baƙi daga Bichi mota guda. Littafin nan ban sake buɗe shi ba sai da na wanke tukunyar tuwo. Abin da ya fi ci min rai kuwa bitar dare. 'Yan hostel bayan isha'i suke haɗuwa su warware tsofaffin tambayoyi, ni kuwa dokar gidanmu magariba ta yi min a gida. Da safe in zo in tarar an gama, sai in roƙi wata ta ara min takardarta in kwafa a tsaye.

Amma kar in yi wa gida butulci. A aji uku taifot ya kwantar da ni ana saura kwana shida jarrabawa. Innata ce ta yi ta dama min kunu, ƙanena ya riƙa kai ni a babur har ƙofar aji ya jira ni. Da a wani gari nake, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Kuma ban taɓa kwana da yunwa ba, abin da ƙawayena na hostel ba za su iya cewa ba.

Akwai hanya ta uku da ba ki ambata ba: ki sa BUK ɗin, amma ki nemi gado a hostel. 'Yan cikin gari da yawa haka suke yi, su zo gida Juma'a su koma Lahadi. Baba ya samu Kanonsa, ke kin samu darenki. Ki lissafa masa kuɗin motar hawa huɗu a kullum, kwana biyar a mako. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafin ya daina zama wasa. Iyaye maza sun fi jin magana in ta zo da lissafi.

Ɗan Mubi ya amsa:

Wai Zariya ce nesa? Ki hau mota a Unguwa Uku bayan karin kumallo, ki wuce Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, kafin azahar kin sauka Kwangila. Ni daga Mubi na je Samaru. Wuni guda cur a mota, wani lokacin har da kwana a hanya. Sau biyu nake ganin gida a shekara.

Ban yi nadama ba ko kaɗan. Ɗakinmu akwai Bayerabe daga Ilori, akwai ɗan Tibi daga Gboko, akwai wani Babarbare da ya koya min girki. Kafin nan ban taɓa zama da wanda ba addininmu ɗaya ba, kuma mai son aikin lauya yana buƙatar sanin mutane iri-iri. ABU tun 1962 take tara Najeriya wuri guda.

Sai dai ki shiga da idonki a buɗe. Nesa kuɗi take ci. In wata ya yi nisa, garin kwaki da ƙuli ne safe da dare, kana jin kunyar kiran gida don ka san halin da ka baro su. Kuma a kowace jami'a ba kowa ke samun gado ba. Shekarar da na rasa, haya muka kama mu uku. Mun biya kuɗin shekara ke nan malaman jami'o'i suka tafi yajin aikin 2022, daga Fabrairu har Oktoba. Wata takwas ɗaki na kulle, kuɗin haya na tafiya, muka dawo muka tarar ɓeraye sun yi biki da katifa da buhun shinkafata. Ɗan gida bai san wannan asarar ba.

Yanzu akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, yana rage zafi, amma kar ki gina tafiyarki a kansa kaɗai.

Abu Sumayya ya amsa:

Kowa na ta hostel da tuwo, ba wanda ya yi maganar maki. Shari'a a makarantun nan biyu ba a shigarta da addu'a kawai. Jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari suke ɗauka bisa cancanta, 35 daga jihohin da ke yankinsu, 20 daga jihohin da aka bari a baya a boko. Kuma wadda kika sa a zaɓi na biyu da wuya ta waiwaye ki a kwas irin wannan. Ki ci jarrabawar tukuna. JAMB na ba da damar canza makaranta bayan sakamako ya fito, don haka abin da kika cike ranar Asabar ba aure ba ne.

Malam Na-Gwale ya amsa:

'Yata, ni uba ne, 'ya'yana mata biyu suna jami'a, bari in ari bakin mahaifinki.

Ba ƙin karatunki yake ba, da ba zai biya kuɗin fom ba. Tsoro ne. Duk uban da ya ji labarin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da 'yan bindiga suka kwashe daga gidajen haya a Sabon Gida cikin Satumbar 2023, akasarinsu mata, ba zai ƙara jin kalmar "gidan haya" hankalinsa a kwance ba. Na san Zariya ba Gusau ba ce. Amma zuciyar uba ba ta duba taswira. Ranar da babbar 'yata ta tafi, sai da na kira direban sau huɗu kafin su isa, har ya daina ɗauka.

Abin da ya sa na yarda na bar ta, akwai ƙanwar mahaifiyarta a garin. Na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa in waya ta ƙi shiga. Kuna da wani a Zariya? Tudun Wada, Gyallesu, Sabon Gari, ko cikin birni? In akwai, daga nan za ki fara. Kuma kar ki tsaya gabansa kina jayayya, ba za ki ci riba ba. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, shi ya kai maganar.

Sannan batun aikin gida da kika ce kin kasa faɗa, wallahi zai yiwu bai sani ba. Mu maza mukan fita da safe mu dawo mu tarar da komai tsaf, ba ma tambayar hannun wa ya yi. In ya ce BUK ɗin dai, ki bi, ba ƙaramar makaranta ba ce, manyan lauyoyi da alƙalai sun fito daga cikinta. Ko bayan digiri ma akwai reshen makarantar horon lauyoyi a Bagauda. Amma ki nemi a sauke miki wani abin daga kanki tun yanzu, kar ki bari sai an fara lacca.

Ummin Kurna ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Hanif, maganar baƙin Bichi ta sa ni dariya har da hawaye, namu daga Ɗambatta suke zuwa.

Jiya da asuba muna tace awara na daure na faɗa wa Umma komai, har da daren turmi. Ta daɗe ba ta yi magana ba, tana ta matse ƙyallen. Can sai ta ce ita ma an cire ta daga aji biyu na sakandare ne saboda babu mai taya kakarmu aiki. Ban taɓa sani ba. Yau da safe ƙanwata Hafsa ta tasa ta kai markaɗen, tana ta kumbure-kumbure.

Baba Malam, muna da Gwaggo a Tudun Wadan Zariya, amma rabonsu da magana da Baba tun rabon gadon kakanmu, don haka wannan ƙofar sai a hankali. Umma ta ce in sa BUK ranar Asabar, in maki ya fito da kyau za ta kira Kawu ya zo su zauna da Baba a kan hostel ko canjin makaranta.

Anti, gadon hostel ɗin, da zarar an ba mutum gurbi ake nema ko sai an gama rajista?