Don Allah wa ya san inda zan samu zanen barkwanci na yajin aikin 1945?

Salam jama'a, wallahi na maƙale. Ina rubuta furojet ɗina ne kan yadda jaridu suka riƙa zana ma'aikatan reluwe lokacin babban yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ya ja gaba, aka yi kwana 44 ana ja-in-ja da Turawa kan kuɗin tsadar rayuwa. A cikin akwatin marigayi kakana, wanda ya yi aikin reluwe a Zariya, na tsinci wani guntun jarida duk ya yi ja, gara ta cinye gefen da kwanan wata da sa hannun mai zanen suke, abin da ya rage kawai kan jirgi ne da wani lebura riƙe da guduma. Ni dai zargina Akinola Lasekan ne, mai sa hannu da Lash a West African Pilot ta Azikiwe, amma malamina ya ce zargi ba hujja ba ne, sai na kawo ranar da aka buga.

Matsalar kuma gwamnati ta dakatar da jaridar ana tsakiyar yajin, to kafin nan aka buga ko bayan an sake ta? Na je wani ɗakin adana takardu sau biyu, suka ce injin duba tsofaffin jaridun ya lalace.

Sannan ko Gaskiya Ta Fi Kwabo ta kawo jawabin Imoudu da Hausa? Sati uku ya rage min in miƙa.