Wa yat taɓa zuwa Pushkar, garin kasuwar raƙumman Indiya?

Ɗan Illela:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nika biɗa. Ni da kawuna muna Delhi, na rako shi aikin gwiwa, alhamdulillahi an yi lahiya, likita ya ce sai bayan sati ukku a sake duba shi kahin mu koma gida. To shi kawu tun yana yaro dillancin raƙumma yaka yi kasuwar Illela, sai wani direban tasi yan nuna mishi bidiyon wani gari wai shi Pushkar inda aka cin kasuwar raƙumma cikin rairayi, tun rannan bai bar ni na huta ba, kullum sai ya ce Nasiru yaushe za mu tahi. Ni kuma da na bincika sai nig ga ashe garin ibadar Hindu ne. Wa yat taɓa zuwa? Musulmi na iya shiga? Abinci fa, da salla? Kuma dattijo mai sanda zai iya?

Bello Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam. Allah ƙara ma kawu lahiya. Jaipur niy yi karatu, babban birnin jihar da Pushkar take, na je Pushkar sau biyu, ɗaya lokacin kasuwar ɗaya kuma cikin watan Mayu, wanda ban ba kowa shawara, zahin awa na Sakkwato ana gab da damana.

Garin yana jihar Rajasthan bakin hamadar Thar, ƙarami ne ƙwarai, an gina shi kewaye da wani tabki da Hindu ka ɗauka mai tsarki. Akwai matattakalai 52 da aka sauka bakin ruwan a yi wanka, ghat suka ce musu, kuma nan ne ɗakin bautar Brahma yake, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, wanda irinshi kaɗan ne duk Indiya, shi yas sa suka tururuwa. Kasuwar tana bin watansu Kartik, tana ƙarewa daren da wata yac cika, yawanci cikin Nuwamba. Ga abin da mutane ba su sani ba: cinikin dabbobi kwanakin farko aka yi. In kunka bari sai ƙarshe, makiyaya sun fara kora gida, sai masu ibada da Turawa masu kyamara da lilon yara, kawu zai ce ka kawo shi kallon banza.

Hanya kuma ku hau jirgin ƙasa daga Delhi zuwa Ajmer, akwai na sassahe, kusan awa 7 ne, ka yanki tikitin mai AC saboda ƙahwar. Daga Ajmer zuwa Pushkar bai wuce kilomita 15 ba, dutse guda aka ƙetarawa. Ku kwana Ajmer ku dinga zuwa da sahe, don otal na Pushkar kuɗinsu ninkawa suka yi lokacin kasuwa. Ka riƙe fasfo ɗinku, ba a ba baƙo ɗaki sai da shi. Kuma ka ɗauki rigar sanyi, dare can awa hunturu yake.

Hilin raƙumman yana bayan gari cikin yashi, sanda nutsewa taka yi, ka yi mishi hayar amalanken raƙumi ya zauna a zagaya da shi. Ka yi ciniki sosai, kuɗin da sunka fara faɗi ba shi ba ne.

Malam Sani:
Zuwa kallon dabbobi da kasuwa ba laifi ba ne ɗan uwa, kasuwa ta kowa ce. Abin da zan ja maka kunne shi ne bakin tabkin nan. Na ji daga ɗalibai da dama cewa wani zai tare ka da fara'a ya sa maka fure a hannu, ya ja ka bakin ruwa ya ce ka maimaita abin da yake faɗa, ya ɗaura maka jan zare a wuyan hannu, sannan ya ce kawo kuɗi. Wannan ibadarsu ce, ba gaisuwa ba. Kada ka karɓa tun farko, kuma ba sai da faɗa ko wulaƙanci ba, garinsu ne. Ku matafiya ne, kuna da kasaru da jam'i, sai ku tsara yininku a kai.

Bello Gidan Igwai:
Gaskiya Malam, ni kaina an sa min huren nan zuwana na farko, na zaci maraba ce, sai da wani ɗan ajinmu Bahindu yaj janye ni. Shi ma haushin abin yaka ji, ya ce su ma ana tatsarsu hakanan. Ka sa hannu aljihu kawai ka wuce. Kuma in za ka leƙa bakin ruwan a tuɓe takalmi, ba a ɗaukar hoton masu wanka, wannan suna da gaskiya, mu ma ba mu yarda baƙo ya shigo Hubbare yana ɗaukar mata hoto.

Maman Ikram:
Ni maganar abinci zan yi don ita ta dame ni da muka je da maigidana. A Pushkar babu nama, babu ƙwai, an hana gaba ɗaya, giya ma an hana. Kullum wake da shinkafa da gurasarsu chapati, sai wani abin zaƙi malpua kamar wainar fulawa da aka tsoma a ruwan sukari, yana da daɗi amma idan kawu na da ciwon suga a kiyaye. Ga yaji ba a magana. Amma da ka dawo Ajmer ka huta, unguwar da kabarin Shehi Mu'inuddin Chishti yake Musulmi ne cike, waliyyi ne da ya rasu 1236, masallatai ga su nan, naman halal da biryani ko'ina, ka ji kiran salla sai ka ce kana gida. Sai dai cunkoso, lungunan ƙanana ne, ka riƙe waya da kyau. Ku sha ruwan gora kawai. Birai kuma suna fizge leda daga hannu, ni ayaba suka ƙwace min ina tsaye ina kallo.

Bello Gidan Igwai:
Na manta abu guda, ka gaya ma kawu tun yanzu kada ya tambayi kowa nawa raƙumi zai yi in an yanka. Can ba a yanka su, Rajasthan ta maishe da raƙumi dabbar jiha a 2014, a 2015 kuma anka yi dokar hana yanka shi da taƙaita hitar da shi daga jihar. Makiyayansu, Raika aka ce musu, da yawa sun koka cewa dokar ce tak karya farashi, ga tarakta da mota sun amshe aikin dako, shi yas sa raƙumman ka raguwa, yanzu dawaki ne ka jan manyan kuɗi. Ya dubi dokin Marwari mai kunnuwa lanƙwashe suna kusan haɗuwa, bai taɓa ganin irinshi ba.

Ɗan Illela:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Na karanta ma kawu duka. Maganar rashin nama ba ta dame shi ba, ya ce ya zo da kilishi. Amma da yaj ji ba a yanka raƙumi sai yay yi shiru, can ya ce to in ya tsuhwa mi suka yi da shi? Malam Bello sai ka amsa mishi wannan. Gobe in Allah ya so zan tambayi likita ko ƙahwar na iya zaman jirgi awa bakwai, in ya yarda in yanki tikiti.