Muguwar da ba a faɗin dalilinta: abin da muka gani a gidajenmu bayan an gama kallo

Malamar firamare, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani darakta da na daɗe ina bin fina-finansa na zaman iyali, ba zan kama sunansa ba domin ina ganin girmansa, kuma ya iya aikinsa. Abin da ya dame ni shi ne, a kowane shiri nasa sai an sami mace ɗaya, ko matar uba ko uwar miji ko kishiya, wadda tun fitowarta ta farko har ranar da za ta haukace ko ta makance ba za ta yi wa kowa alheri ba, kuma ba za a taɓa faɗa mana abin da ya mayar da ita haka ba. Ni matar uba ce, ina riƙe da yara uku da mahaifiyarsu ta rasu. Ranar da aka nuna matar uba ta tsoma hannun marainiya a tafasasshen ruwa saboda tsokar nama ɗaya, ƙaramar cikinsu, mai shekara 7, ta zame daga jikina ta koma bayan yayanta, kuma a daren nan ta ƙi taɓa tuwon da na zuba mata sai da mahaifinta ya fara sa hannu. Ina roƙon duk wanda irin wannan kallo ya bar masa wani abu a gida ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Dattijo, Fagge, Kano:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri kan riƙon marayu. Mu ma mun tashi da labarin 'yar mowa da 'yar bora, da yarinyar da aka aika ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja, amma kakarmu takan buɗe da gatanan gatananku ta rufe da ƙurunƙus, yaro ya san an fita daga duniyar Gizo an dawo gida. Da muka girma muna shiga silimar Plaza kallon Indiya, bos ɗan fashi ne ko mai kuɗin ƙauye, ba wanda muke kwana da shi ba. Tun da aka fara fim na kaset a Kano a 1990 sai mugun ya shigo tsakar gida, ya ɗaura atamfa irin ta matanmu, ya zuba abinci a kula irin tamu. Jikokina yanzu sun raɗa wa wata maƙwabciyarmu sunan muguwar wani shiri, alhali laifinta kawai ba ta da yawan fara'a.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Baba, ina neman afuwa, ni ta wani gefen zan zo. Ban yarda a ce babu muguwar matar uba ba, domin a hannunta na tashi tun ina shekara 5. Sai dai ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga mini murya a gaban mahaifina ba, ba ta taɓa zuwa wurin boka ba a sanina, kuma ba ta wasa da salla. Abin da take yi shi ne ta ɗora mini tallan ƙosai daidai lokacin shiga aji, ta auna mini abinci da ƙaramin ludayi, ta ɓoye sabulu, idan baƙi suka zo kuma ta jawo ni jikinta tana cewa ai wannan ita ce 'yar ɗakina. Da na kai ƙara wurin goggona, sai ta ce mini in ji tsoron Allah, ai muna ganin mugayen mata a fim, wannan baiwar Allah ba ta yi kama da su ba. To kun ga cutar da irin wannan rubutu ya yi mini: ya koya wa dangina cewa muguwa sai mai zare ido da ƙulla laya a tsakar dare, saboda haka zaluncin da ake yi da murmushi bai da mai shaida.

Sai da na yi aure na ji sauran labarin daga bakin tsofaffi. An aurar da ita tana yarinya ƙarama, ta yi ɓari sau da dama, dangin mahaifina suna kiranta juya a gaban idonta, ni kuma kullum ina yawo a gidan da kamannin matar da ta haihu. Wannan bai wanke ta ba, har yau idan na tuna shekarun da na rasa na karatu sai zuciyata ta yi nauyi. Amma da za a sa mace irinta a fim, da raunin da ke jikinta da raunin da ta yi wa wani, na tabbata mata da yawa za su gane kansu su ji kunya, abin da ba ya faruwa idan aka nuna musu dodo.

Marubucin labarin fim, Kano:
'Yar'uwa, kin faɗi abin da ke cin raina a sana'ata. Na taɓa rubuta fitowa guda inda uwar miji take zaune ita kaɗai tana duba kayan ɗanta na yarinta, tana tuna yadda ta yi wankau da surfe ta biya masa kuɗin makaranta bayan rasuwar mijinta, domin mai kallo ya fahimci tsoron da take ji na a raba ta da shi. Mai shirin ya cire ta, ya ce idan aka tausaya mata wa za a tsine wa. Tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe aka koma shiri mai dogon zango a YouTube, kowane mako sai an nemi abin da zai dawo da mai kallo, kuma abin da ya fi arha shi ne a ƙara wa muguwa sabon laifi. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, aikinta duba abin da ya saɓa wa addini da al'ada ne, ba auna ko halin da aka rubuta ya yi kama da na ɗan Adam ba. Wannan nauyi namu ne, kuma na sa hannu a rubutun da yau ba na alfahari da shi.

Uwar miji, Maraɗi:
Wata uku surukata ta yi ba ta shan furar da nake aika mata, ashe ƙawayenta sun gargaɗe ta tun kafin a kawo ta. Ranar da ta haihu ni na kwana a kanta, a nan ta faɗa mini da kanta tana kuka.

Direban tirela, Jos:
Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Ni abin da na lura da shi maigidan ne. A duk shirin da na kalla na wannan darakta, uban yaran ba shi da laifi, an ce an shanye shi, ranar da asiri ya karye sai ya rungume 'ya'yansa kowa ya yafe. Mahaifina babu wanda ya shanye shi, ganin abin da ake yi wa ƙanwata yake yi ya ɗauki buta ya fita masallaci, domin ba ya son fitina. Ni ma da na ƙara aure na kama kaina ina shirin yin haka, sai da na tsaya na zaunar da iyalina.

Malamar firamare, Zariya:
Na gode muku ƙwarai, musamman 'yar'uwa ta Gusau, domin maganarki ta sa na sake duba yadda nake raba nama a gidana. Yarinyar ta dawo tana ci daga hannuna. Shekaranjiya ina yi mata kitso ta tambaye ni, Umma, me yarinyar nan ta yi wa matar har ta ƙona ta, kuma wa ya ɓata wa matar rai tun farko? Na sake kallon kashi 12 na shirin daga farko ina neman abin da zan faɗa mata, ban samu ba.