Taron jin ra'ayin jama'a, yana canza wani abu kuwa?

Ummu_Hanan:
Salam 'yan uwa, don Allah tambaya gare ni. Kullum ana cewa mu riƙa zuwa taron jin ra'ayi in hukuma ta kira, ni sau biyu ina zuwa, aka yi ta magana har yamma kowa ya watse, har yau shiru kake ji. Abin yana damuna wallahi. Anya yana da amfani kuwa?

Malam_Sabo:
Wa alaikumussalam hajiya, yana da amfani sosai amma fa sai an haɗa maganar da kuɗi. Ki duba birnin Porto Alegre a Brazil, tun 1989 suka fara barin mazauna unguwanni su zauna su zaɓi aikin da za a sa a bajet, ruwa ne ko magudana ko titi, shi ya sa talakawa suka riƙa fitowa don sun san abin da suka zaɓa ana yinsa.

Auta:
Ni abin da ke ci min rai masu baki ke cinye taron, mata da matasa ko makirfo ba sa samu. A Ireland a 2016 ba zaɓe aka yi ba, bisa sa'a aka tsinto mutum 99 daga cikin jama'a, suka saurari masana suka tattauna rukuni-rukuni kafin su ba majalisa shawara. Wannan tsarin ya fi min.

Ummu_Hanan:
Na gode malam, Auta ma haka. In an sake kira zan je, kuma zan nemi a rubuta abin da aka yanke da sunan wanda zai aiwatar.